Sunan 'Yar Fari

"Sunan mara lafiya?" in ji mai yankar kati, bai ko ɗago kai daga kwamfutarsa ba.

Hajiya Turai ta buɗe baki, ta sake rufewa. Ta gyara mayafinta, ta waiwaya kamar akwai wanda za ta tura ya amsa a madadinta.

"Hajiya, mutane na jira a layi. Sunanta?"

"Ba za ta faɗa ba, Malam, ko da yini za mu yi a nan," Sa'adiyya ta ce daga gefe. "Rubuta Sa'adiyya Jibril. Shekara ashirin da tara. Unguwar Kabara."

Ya rubuta. "Ke da kika rako ta, yaya kuke da ita?"

"'Yar gidanmu ce," Turai ta ce a hankali.

Sa'adiyya ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta fizge katin, ta yi gaba.

Ba ƙarya Turai ta yi niyya ba. Sa'adiyya 'yarta ce ta cikinta, kuma ita ce ta fari. A zuriyarsu, Fulanin da suka daɗe da ajiye sanda suka zauna cikin birni, mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta buɗe baki ta ce nawa ne. Haka ta taras, haka aka yaba mata tun tana amarya, aka ce matar Malam Jibril akwai kunya. In za ta yi zancen yarinyar sai ta ce 'Yardada, saboda kakarta Dada ce ta yaye ta. In kuma da ita take, "ke" ta wadatar. Ita ma Sa'adiyya ba ta taɓa ce mata Umma ba kamar sauran ƙannenta. Adda take ce mata, yadda ta ji ƙannen Turai suna faɗa.

Suka sami wuri a benci na uku, a barandar sashen masu larurar ƙwaƙwalwa. Agogon bango ya nuna tara da kwata. Turai ta dube shi, ta kawar da kai.

Kwana goma ke nan da Sa'adiyya ta dawo gida da takardar saki, na biyu daga mijinta Abdulhakeem. An tura shi wani taro a ofis, ya kashe waya daga safe zuwa la'asar. Da ya kunna, ya taras ta kira shi sau sittin da wani abu. Kafin ya kira ta, ta riga ta iso ofishin, babu takalmi ƙafa ɗaya, tana kuka tana cewa ta san guduwa zai yi ya bar ta. Mutumin kirki ne, ya kawo ta har zaure da kansa, shi ma yana hawaye. Ya ce yana son ta, amma ya gaji da zama waliyyi da safe, azzalumi da yamma.

Shekaranjiya kuma aka same ta a banɗaki ta ji wa kanta ciwo a hannu, 'yarta Ikram mai shekara uku tana tsaye a bakin ƙofa tana buga ƙyaure. Wannan ne ya sa Alhaji Isyaku, wan marigayi Malam Jibril, ya tara manya a soronsa. Aka yanke shawara biyu. A kai Sa'adiyya asibiti, a kuma ba Ma'u, ƙanwar Turai da ke aure a Gwarzo, riƙon Ikram. Kowa ya san in Sa'adiyya na gida ba za a iya fita da yarinyar ba, don haka aka haɗa abubuwan biyu rana ɗaya. Ma'u za ta zo da sha biyu, lokacin da suke asibiti. Bayan sallar asuba Turai ta haɗa kayan Ikram da hannunta a 'yar jaka mai hoton zomo, ta tura ta ƙarƙashin gado.

Sa'adiyya ba ta san da wannan ba. Ga ta nan a gefen Turai, ta riga ta shiga hira da wata mata mai leshi ruwan toka wadda ta kawo tsohon mahaifinta. Ƙunshi ne sana'ar Sa'adiyya, kuma a Kabara babu mai hannunta. Matar ta kama tafinta tana yaba zanen baƙin lallen da ya hau har gwiwar hannu. Turai kaɗai ta san abin da ya sa zanen ya yi duhu haka a wuyan hannu, da tsofaffin tabon da furannin suka rufe.

Cikin rabin awa sun yi musayar lamba. Sa'adiyya ta yi alkawarin ita za ta yi wa 'yar matar ƙunshin biki, da ita da ƙawayenta duka. Ta zare zoben azurfarta ta zura wa matar a yatsa.

"Wallahi jinina ya haɗu da naki," ta ce. "Kamar ciki ɗaya muka fito. Adda, ba ki ga muna kama ba?"

"Allah ya bar zumunci," in ji Turai.

Sai nas ta leƙo ta kira suna. Matar ta yi zumbur ta miƙe, ta tallabi tsohon, suka shige da sauri. Sa'adiyya ta bi bayansu da kallo. Turai na gani fuskar Sa'adiyya ta sauya, kamar an kashe fitila a ɗaki.

"Kin gani? Ko sallama babu." Ta ciro waya ta goge lambar. "Duk haka suke. Su karɓe abin hannunka su juya maka ƙeya."

"Ke, kiran su fa aka yi. Tsohon ba ya iya tsayuwa."

"Kullum bare ne mai gaskiya a wurinki. Kullum."

Turai ta sunkuyar da kai. Ta san in ta ƙara kalma ɗaya barandar nan za ta cika da 'yan kallo. Can bayan wani lokaci Sa'adiyya ta matso, ta ɗora kai a kafaɗarta kamar ƙaramar yarinya, muryarta ta yi laushi.

"Adda, kin gaya wa Sumayya Ikram ba ta shan kunu mai tsami? In ta ba ta, amai za ta yi."

"Ƙanwar taki ta sani."

"In mun fita mu tsaya in saya mata balan-balan. Na yi mata alkawari."

"To," in ji Turai. Kafaɗar da aka jingina da ita ta ƙage, ba ta janye ba, ba ta kuma iya ɗaga hannu ta dafa kan ba. Mutane na kallo.

Goma da rabi aka kira Sa'adiyya, ita kaɗai. Turai ta zauna tana jan carbi, tana ɓata lissafi tana sakewa. Sha ɗaya ta yi. Sha ɗaya da rabi ta yi. Ta ce wa ranta alheri ne ake yi wa yarinyar. Gidan Ma'u akwai fili, akwai awaki, babu ihu. Yaro kwana uku ne ya manta. Haka Dada ta gaya mata shekara ashirin da bakwai da suka wuce, ita kuma ta yarda.

Saura minti goma ƙarfe sha biyu ta cika, nas ta ce Turai ta shigo.

Likitar, wadda aka rubuta Aminat a ƙirjin rigarta, ba ta wuce arba'in ba. Ta miƙe ta gaishe da Turai, ta jawo mata kujera. Idanun Sa'adiyya sun kumbura, an sake ɗaure mata hannun da sabon bandeji.

"Hajiya, ta ba ni izini in yi magana da ke a gabanta," in ji likitar. "Irin abin da nake dubawa ba ya fitowa a gwajin jini, ba ya fitowa a hoton ƙwaƙwalwa. Tarihin mutum ne gwajinmu. Ina bukatar wanda ya san ta tun tana ƙarama." Ta duba katin. "Na ga an rubuta 'yar gidanku ce. Mahaifiyarta tana raye?"



"Tambaye ta, Likita," in ji Sa'adiyya. "Ni ma ina so in ji."

Turai ta dubi yatsun ƙafarta. "Tana raye." "Ni ce."

Likitar ta dubi wannan, ta dubi waccan. "Ta fari ce?"

"Ita ce."

"Na gane. Yayanmu har ya yi furfura bai ji sunansa a bakin tsohuwarmu ba." Ta ja layi a kan abin da mai kati ya rubuta, ta rubuta wani abu a samansa. "To, Hajiya, yaushe kuka fara ganin wannan hali?"

Turai ta yi ta amsawa, ɗaya bayan ɗaya. Tun tana 'yar sha huɗu, sha biyar. A'a, ba a gidan miji kaɗai ba, har a makaranta, har a gida, har da masu zuwa ƙunshi. Ƙawa ba ta shekara. Yau ta fi kowa, gobe ba a gaisawa. A'a, ba ta yin mako tana murna ba barci sannan ta yi wata a kwance. Ita a yini ɗaya sai ta yi dariya, ta yi fushi, ta yi kuka, ta zo tana neman gafara har ƙasa. Ba ta shan komai, wannan kam za ta iya rantsuwa. A dangi? Akwai wata ƙanwar babanta, marigayiya, ita ma zuciyarta a kusa take, aure huɗu ta yi.

"Me kuka gwada?"

"Babu abin da ba mu yi ba. Ruƙiyya sau uku. Rubutu, hayaƙi, sadaka. Wani malamin ya ce aljani ne ya aure ta, wani ya ce sammu. Wani kuma ya ce ba komai, sangarta ce."

"Sangarta," Sa'adiyya ta maimaita. "Wa ya sangarta ni?"

"Addu'a kada a daina," in ji likitar. "Yanzu ki ba ni labarin inda ta tashi."

"Da aka yaye ta aka kai ta wurin kakarta, uwar babanta. Tana shekara shida tsohuwar ta rasu, sai goggonta ta Bichi ta ɗauke ta. Bayan shekara biyu goggon ta kwanta ciwo, aka mai da ita Zariya gidan kawunta. Daga nan makarantar kwana. Tana sha biyar ta dawo wurinmu." Turai ta buɗe tafin hannu. "Ba inda aka wulaƙanta ta, Likita. Duk jininta ne. Ci da sha da sutura, babu abin da ta rasa."

"Gaskiya ne," in ji Sa'adiyya. Muryarta ta kwanta, ba faɗa a cikinta, kuma wannan ya fi ba Turai tsoro. "Amma ba ta gaya miki yadda ake kai ni ba. Bichi, cewa aka yi za mu je kallon amarya. Aka sa mini sabon kaya. Na yi barcin rana a cinyar Adda, na farka na ga rufin ɗakin da ban sani ba. Na zauna a bakin zaure har magariba, duk motar da ta tsaya sai in tashi. Zariya kuma aike na aka yi in sayo ƙuli-ƙuli. Na dawo da shi a hannu na taras da kayana a bayan mota. Tun daga nan, Likita, in aka sa mini sabon kaya cikina ciwo yake. In mutum ya ce mini yanzu zan dawo, ni na san ƙarya ne."

"Don kada ki yi kuka ne," Turai ta ce. "Haka ake yi. Don kada ki yi kuka."

"Ai na yi kukan, Adda. Ba ku dai ji ba."

Likitar ta ajiye biro.

"Ba na yanke hukunci a zama ɗaya," ta ce. "Sai na ƙara ganin ta sau biyu ko uku, ta amsa mini wasu tambayoyi a rubuce, na tabbatar ba wata larurar ce mai kama da wannan ba. Amma zan gaya muku abin da nake zato. Akwai larurori da muke kira larurorin ɗabi'a. Kowa da halinsa, wannan ba ciwo ba ne. Yana zama larura idan halin ya kafe tun ƙuruciya, yana bin mutum duk inda ya je, yana ɓata masa aure da sana'a da zumunci, shi kuma ya kasa lanƙwasa shi ko da yana so. Iri-iri ne. Wani zargin kowa yake, wani tsoron mutane ya hana shi fita, wani ba ya jin tausayin kowa. Nata, a Turance borderline muke ce masa. Babbar alamarsa tsoron a tafi a bar mutum. Sai so mai zafi da ƙi mai zafi ga mutum guda, sai fushin da ke zuwa kamar an ɓalle famfo, sai jin ciki wayam kamar ba kowa a ciki, sai cutar da kai in abin ya yi yawa."

"Hauka ce ke nan?" Turai ta tambaya da ƙyar.

"Ba hauka ba ce. Ta san inda take, ta san abin da ta yi, shi ya sa take nadama. Kowa zuciyarsa na tafasa, Hajiya. Tata da wuta kaɗan take tafasa, ta yi bori ta zube, ta daɗe ba ta huce ba. Ba da gangan take yi ba, kuma duk wanda ta ƙona, ita ta fi shi ƙonewa."

Sa'adiyya ta kifa kai a kan tebur. "Ashe yana da suna," ta ce cikin hannayenta. "Na ɗauka ni ce kawai muguwa."

Turai ta dubi likitar. "Ni na jawo mata ke nan."

"Yara nawa aka yi riƙonsu a birnin nan suka tashi lafiya lau? Ni kaina a hannun gwaggona na girma. Ba abu ɗaya ke kawo wannan ba. Akwai halittar yaro, akwai gado, akwai abin da ya same shi yana ƙarami. Wani yaron a zaga da shi gida biyar, ko a jikinsa. Wani sau ɗaya ya ishe shi har tsufa. Ba mai laifi nake nema ba. Wanda zai taya ni aiki nake nema."

Ta yi musu bayani a tsanake. Ƙwaya ba ta warkar da wannan, sai dai ta rage wani abin in bukata ta taso. Maganin zama ne, duk ranar Talata, Sa'adiyya ta koyi gane abin tun yana tasowa da yadda za ta riƙe kanta har ya wuce. Zai ɗauki shekara ko fiye, za a yi gaba a yi baya, amma da yawa suna samun sauƙi sosai. A makwannin nan kada a bar ta ita kaɗai, a ɗauke duk abin da za ta iya cutar da kanta da shi. Ta rubuta wata lamba ta ce a kira ko yaushe in abin ya tsananta.

Sa'adiyya ta ɗago. "Likita, za a ƙwace mini 'yata?"

"Ba daga bakina ba. Amma sai akwai babba tare da ku kullum, har ki samu ƙarfi. Kin yarda?"

"Na yarda. Adda tana nan ai."

Turai ba ta dubi kowa ba. Agogon da ke bayan likitar ya nuna ɗaya saura ashirin.

"Abu na ƙarshe, Hajiya, kuma shi ne aikinki," in ji likitar. "Kada a yi mata wayo, ko da don tausayi ne. In za ki fita, ki ce za ki fita, ki faɗi lokacin dawowa, ki dawo a lokacin. In abu ba zai yiwu ba, ki ce ba zai yiwu ba, ta yi fushinta ki zauna har ta gama. Gaskiya mai ɗaci za ta iya koyon haɗiye ta. Ɓoye-ɓoye ne ke tabbatar mata da abin da take tsoro."

Nas ta tafi da Sa'adiyya karɓo katin ranar dawowa. Turai ta fito waje, ta tsaya a ƙarƙashin wata darbejiya. Rana ta take, ƙasa har tururi take yi. Ta ciro waya ta kira Sumayya.

"Umma, Anti Ma'u ta tafi da ita tun ɗazu," in ji Sumayya. "Ta ce mata za su je sayo balan-balan. Har na sa mata sabuwar rigar nan ta Sallah."

Turai ta katse, ta kira Ma'u. Sai a kira na uku aka ɗauka. Hayaniyar tasha ta cika wayar.

"Adda Turai, lafiya? Muna Kabuga, saura mutum biyu mota ta cika."

"Ki sauko."

"In sauko kamar yaya? Alhaji Isyaku fa da bakinsa ya ce..."

"Ni zan je wurin Alhaji. Ki sauko."

"Haba Adda. Yanzu ta fara 'yar rigima, amma kafin mu kai Gwarzo ta yi barci. Kin san yara, kwana uku ne. Uwar nan ba lafiya gare ta ba, kin fi kowa sani. In wani abu ya samu yarinyar nan, wa za a tambaya?"

"Ni za a tambaya. A ɗakina za su kwana su biyun." Ta ji muryarta tana fita da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. "Ma'u, 'yar Sa'adiyya ce. Sa'adiyya kuma 'yata ce. Ki sauko da ita ki tsaya a bakin titi, ga mu nan zuwa."

Can nesa a cikin wayar kwandasta yana kiran Gwarzo.

"Adda," in ji Ma'u a hankali, "sunanta fa kika kama."

"Na ji abin da na faɗa."

Ta sauke wayar, ta juya. Sa'adiyya na tsaye taku uku a bayanta, katin a hannu.

"Ina Ikram?"

Ƙarya uku suka zo wa Turai a lokaci ɗaya, kowace mai sauƙi, kowace ta saba da irinta. Ma'u ta fita da ita yawo. Ma'u ta kai ta kitso. Ta haɗiye su.

"Tana Kabuga da Ma'u. Gwarzo aka shirya kai ta."

"Aka shirya." "Shi ya sa kika kawo ni nan yau. Shi ya sa kika tashe ni da sassafe, har da haɗa mini shayi."

"Har da shi. Ni na haɗa mata kayan da hannuna."

Abin da Turai ta yini tana gudu ya zo. Sa'adiyya ta yi ihu har masu jinya suka fito baranda. Ta ce ba ta da uwa, ba ta taɓa yin uwa ba. Ta ce maciya amana, ta ce gara Dada da ke kabari. Ta ce ba za ta yafe ba duniya da lahira. Wani mai gadi ya taho, Turai ta ɗaga masa hannu ya tsaya. Da can, in haka ta faru, ɗaki take shigewa ta turo ƙyaure, ta ce kunya ce ta hana ta tanka wa 'yar fari. Yau babu ɗaki. Ta tsaya a inda take, mutane na kallo, ta ji kowace kalma.

"Ina nan," ta ce, da ta samu sarari. "Ki faɗa duka. In kin gama mu je mu ɗauko ta."

Ihun ya koma kuka, kukan ya koma shessheka. Sa'adiyya ta goge fuska da gefen hijabi, ta nufi bakin ƙofar asibitin ba tare da ta waiwaya ba. Turai ta bi ta.

A cikin adaidaita sahu Sa'adiyya ta takure a can ƙarshen kujera, ta juya fuska waje, ta bar tazarar mutum guda a tsakaninsu. Suka wuce Ƙofar Na'isa, masallatai suna ta kiran azahar. Suka wuce Gadon Ƙaya.

"Sake faɗa," in ji Sa'adiyya, ba ta juyo ba.

"Me?"

"Kin sani."

Turai ta dubi ƙeyar direban. Ɗazu tsoro ne ya fizgo sunan daga bakinta, yanzu kuwa sai ta ɗauko shi da kanta.

"Sa'adiyya."

Kafaɗun da ke can ƙarshen kujera suka girgiza sau ɗaya.

"Ban fa yafe ba."

"Na sani. Talata ƙarfe nawa aka ce?"

Sa'adiyya ta miƙo katin ta baya. Turai ta karɓa, ta ninke shi biyu, ta ƙulle a bakin zaninta.

Tun daga nesa ta hango su a bakin titin Kabuga. Ma'u na tsaye da jaka mai hoton zomo a hannu ɗaya. Ikram na gefenta cikin rigar Sallah, da jan balan-balan a hannu, amma ba ta wasa da shi. Ta daina kuka. Duk motar da ta rage gudu sai ta ɗaga kai ta leƙa ciki, in ta wuce ta koma kan ta bayanta.

Kafin direba ya gama tsayawa Sa'adiyya ta dire. Turai ta kasa motsi, idonta na kan yarinyar. 'Ya'ya shida ta haifa, amma ba ta taɓa ganin irin wannan kallon ba. Ita kullum, kafin a fara shi, ta riga ta tafi.